Mayweather bai taɓa faɗuwa ba, Ali ya sha kaye sau 5: to waye gwanin?

Auta: Salam jama'a. Ni fa yau sai na amayar da abin da ke raina ko da za a yi min caa. Duk wannan kururuta Muhammad Ali da ake yi soyayya ce kawai, in dai damben boksin zalla ake magana Floyd Mayweather ya fi shi nesa ba kusa ba. Mutum ya shiga fage sau 50 ya fito sau 50 ba wanda ya taɓa cin sa, ya ɗau kambu a aji biyar daban-daban, ya doke De La Hoya a 2007, ya koya wa Canelo karatu a 2013, ya gama da Pacquiao a 2015. Shi kuwa Ali ya ci 56 an ci shi 5. Don Allah ta yaya wanda aka ci sau 5 zai fi wanda ba a taɓa ci ba?

Dogo: Haba Auta, kana maganar gwanaye ka tsallake Mike Tyson? Yana ɗan shekara 20 ya zama zakaran duniya ajin masu nauyi a 1986, har yau ba wanda ya yi hakan da ƙarancin shekaru irin nasa. Je ka kalli yadda ya yi wa Trevor Berbick a turmi na biyu, naushin hagu guda ɗaya, mutumin ya faɗi, ya yunƙura ya sake kifewa, ya kuma miƙewa ƙafafu suka ƙi ɗaukarsa ya sake zubewa. Michael Spinks kuwa daƙiƙa 91 ya yi a gabansa a 1988 kuma kafin ranar ba a taɓa cin Spinks ba. Tyson na wancan lokacin wallahi ko Ali aka sa masa sai ya kwantar da shi.

Kawu: Ku yara ku tsaya. Auta kai ne ka kawo lissafi, to mu bi faɗuwa biyar ɗin ɗaya bayan ɗaya. Ta farko Joe Frazier ne a Maris 1971 a Madison Square Garden, Ali ya dawo kenan daga dakatarwar shekara uku da rabi da aka yi masa kan ƙin shiga aikin soja, wasa biyu kacal ya yi kafin nan, amma ya kai turmi 15, a na ƙarshen Frazier ya zuba masa hagu a muƙamuƙi ya kai shi ƙasa, ya tashi ya ƙarasa da ƙafarsa. Daga baya ya rama sau biyu. Ta biyu Ken Norton a 1973, an karya masa muƙamuƙi a cikin wasan bai ce a tsaya ba har turmi 12 suka cika, cikin shekarar ya rama. Ta uku Leon Spinks a Fabrairun 1978, Satumba na zuwa ya ƙwace kambunsa, ya zama na farko da ya riƙe kambun masu nauyi sau uku. Sauran biyun, Larry Holmes a 1980 da Berbick a 1981, yana da shekara 38 da 39, jiki ya riga ya gaji, bai ma kamata a bar shi ya shiga ba. Ka ga duk wanda ya ci shi yana da sauran ƙarfi sai da ya koma ya karɓi bashinsa.

Auta: Kawu da girmanka, amma ai ramuwa shaida ce an fara cin ka. Floyd bai bar wa kowa bashin da zai je karɓa ba.

Kawu: To faɗa min na 50 ɗin da wa ya yi? Conor McGregor, mutumin da bai taɓa yin damben boksin na ƙwararru ba ko sau ɗaya kafin 2017. Pacquiao kuma tun wajen 2010 duniya ke roƙon a haɗa su, aka yi ta jan ƙafa sai bayan Marquez ya sumar da Pacquiao a 2012 sannan aka shirya. Canelo yana ɗan shekara 23 kuma sai da aka gindaya masa ya rage nauyi ƙasa da iyakar ajin. Ban ce Floyd ba gwani ba ne, gwani ne ƙwarai, amma ya iya zaɓen lokaci kamar yadda ya iya kauce wa naushi.

Auta: A'a Kawu nan fa ba a yi adalci ba. Ranar Canelo shi Floyd shekararsa 36, ranar Pacquiao 38, ya ma girmi Pacquiao ɗin, me yasa tsufa ya zama uzuri ga Ali shi kuma ba za a yaba masa ba? Kuma masu cewa gudu yake basu kalli wasansa da Shane Mosley na 2010 ba, a turmi na biyu Mosley ya same shi da dama har gwiwoyinsa suka lanƙwashe, ya riƙe, ya dawo hayyacinsa, daga nan har ƙararrawar ƙarshe shi ke juya wasan. Ka dubi yadda yake ɗaga kafaɗar hagu ya ɓoye haɓa, hannun dama na manne da kunci, naushi ya zo ya zame ta kan kafaɗa shi kuma nan take ya mayar da dama. Dambe ai ka buga ne kar a buge ka. Ga shi nan ya gama da lafiyarsa garas, Ali kuwa kowa ya ga yadda ya ƙare.

Anti: Auta kar ka sa ciwon bawan Allah cikin gardama, ba kyau. An gano yana da cutar Parkinson a 1984, ya rayu da ita sama da shekara 30 har Allah ya karɓi ransa a 2016, kuma da hannun nan mai karkarwa ya kunna wutar Olamfik a Atlanta a 1996 bai ɓuya wa duniya ba. Ni abin da yasa nake ganin ba a ma haɗa su shi ne 1967. An kira shi aikin soja lokacin yaƙin Vietnam ya ce addininsa da zuciyarsa basu yarda ba, aka ƙwace kambunsa, aka hana shi lasisi, kotu ta yanke masa shekara 5 da tarar dala dubu 10. Yana da shekara 25 fa, ba a taɓa cin sa ba, lokacin da ɗan dambe ke ganiyarsa kenan, ya zauna ba wasa har zuwa ƙarshen 1970, sai a 1971 Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin. Da lissafin 0 ne a gabansa da ya sa kaki an ɗauki hoto ya ci gaba da tara kuɗinsa.

Dogo: Anti wannan jarumta ce ta wajen fage, ba wanda ya musa. Ni a cikin igiya nake magana, Tyson na 1988 da Ali, wa zai tsaya?

Malam: Dogo tambayarka an riga an amsa ta a Kinshasa, 30 ga Oktoba 1974. George Foreman na lokacin shi ne dodon da kake nufi, wasa 40 ba faɗuwa, ya kai Frazier ƙasa sau shida cikin turmi biyu a Jamaika, Norton ma turmi biyu ya yi masa, wato mutanen nan biyu da suka ci Ali shi ko gumi basu sa shi ba. Ali na da shekara 32, Foreman 25. Ya jingina da igiya ya rufe fuska da hannuwa, Foreman na ta jibgar haƙarƙari da damatsa, shi kuma in sun rungumi juna sai ya danna masa wuya ƙasa yana yi masa magana a kunne, kafin ƙarshen kowane turmi ya watsa masa 'yan nausa masu sauri a fuska. Zuwa turmi na takwas hannun Foreman ya yi nauyi, Ali ya fito daga lungu ya jera masa, dama ta ƙarshe ta juya shi ya tafi luu ya zube. Shi kuwa Tyson ranar da ya gamu da wanda bai ji tsoronsa ba, Buster Douglas a Tokyo 1990, a turmi na 10 yana rarrafe yana laluben robar bakinsa.

Dogo: Malam ai a turmi na takwas Tyson ya kai Douglas ƙasa, rafali ne ya yi jinkirin ƙirga. Kuma lokacin Cus D'Amato da ya raine shi ya rasu tun 1985, an kori kocinsa Kevin Rooney, mutanen da ke lungunsa ranar ko ƙarfen danne kumburi basu zo da shi ba, safar roba suka cika da ruwan sanyi suna ɗora masa a ido.

Malam: Duk an ji, amma Douglas ƙirgan rafali ya bi ya tashi a tara, ba laifinsa. Bayan nan fa? Ya yi shekara uku a gidan yari kan hukuncin fyaɗe, Holyfield ya tsayar da shi a 1996, a na biyun ya ciji kunne aka kore shi, Lennox Lewis ya yi masa bugun kwaf ɗaya a 2002. Babu ko ɗaya da ya koma ya rama. Amma ni tunda ake wannan gardama nake jira wani ya ambaci Sugar Ray Robinson shiru. In lissafi Auta ke so ga lissafi: ya ci wasa 40 na farko, Jake LaMotta ya ci shi a 1943, daga nan ya yi wasa 91 a jere ba a ci shi ba har 1951 da Randy Turpin ya ba shi mamaki a Landan, kwana 64 ya karɓe kambunsa a New York. Shi da LaMotta sau shida suka haɗu ya ci biyar, kuma LaMotta ya fi shi nauyi. Wasa kusan 200 ya yi, sama da 100 bugun kwaf ɗaya. Ali da bakinsa ya sha faɗin cewa Robinson ne gwaninsa. Floyd a shekarunsa na ƙarshe sau biyu yake fitowa a shekara, Robinson kan yi biyu cikin wata guda.

Auta: Malam zamanin da ai da yawan abokan karawar cike gurbi ne kawai.

Malam: Akwai su, amma akwai Kid Gavilan, akwai Carmen Basilio, akwai Gene Fullmer, wannan Fullmer ɗin da Dick Tiger ya karɓe kambu a hannunsa a 1962. In kuwa 0 ce ma'auni to sai ka ɗora Rocky Marciano mai 49-0 a kan Joe Louis, tunda har ya doke shi a 1951. Alhali Louis na da shekara 37 a lokacin, bashin haraji ne ya dawo da shi fage, mutumin da ya riƙe kambu daga 1937 zuwa 1949 ya kare shi sau 25. Shi ma Max Schmeling ya buge shi a 1936, da suka sake haɗuwa a 1938 minti biyu da 'yan daƙiƙu Louis ya gama da shi.

Anti: Abu ɗaya dai da ke min ciwo game da Ali shi ne yadda ya yi wa Frazier. Mutumin nan ya taimake shi lokacin da aka dakatar da shi, amma ya dinga kiransa goggon biri a gaban 'yan jarida kafin wasan Manila, 'ya'yansa na ji. Frazier ya daɗe da wannan tabon a zuciya. Kuma a Manila ɗin, 1975, idanunsa sun kumbura ba ya gani sosai amma yana cewa a bar shi ya fita turmi na 15, kocinsa Eddie Futch ne ya hana. Duk mai yabon Ali ya dinga haɗawa da Frazier.

Kawu: Gaskiya ne Anti, ba mai wanke shi a nan. Auta kai kuma tunda ka ce dambe shi ne ka buga kar a buge ka, Alin da ka sani na jingina da igiya ne, na bayan dakatarwa. Nemo wasansa da Cleveland Williams na 1966 a Houston, turmi uku ne kacal ba zai cinye maka data ba. Mai nauyi ne amma hannuwansa na ƙasa yana zagaye fage a kan yatsun ƙafa, naushi na wucewa ta gaban hancinsa yana ja da kai baya kaɗan, a turmi na biyu kaɗai sau uku ya kai Williams ƙasa.

Auta: Zan kalla Kawu in sha Allah, amma Williams ɗin ai harbin bindiga ya sha a ciki shekara biyu kafin wasan, ba cikakken mutum ba ne. Kai ma ka nemo Floyd da Diego Corrales na 2001, lokacin yana ƙaramin aji. Corrales ba a taɓa cin sa ba, ya fi shi tsawo, kowa na tsoron naushinsa, Floyd ya kai shi ƙasa sau biyar har mutanen lungunsa suka ɗaga tawul a turmi na 10. Ka kalla tukuna sannan ka sake ce min zaɓen lokaci ya iya.