'Yata na son kafa sorority: ƙungiyar asiri ce ko kuwa?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Jama'a a ba ni shawara. 'Yata da ƙawayenta suna son kafa sorority, wato ƙungiyar zumuncin ɗalibai mata, ta 'yan mata Musulmi a jami'arsu a nan Amurka. Babanta ya kafe, wai ƙungiyar asiri ce aka sauya wa suna.

Alhaji Sani: Wa alaikumus salam. Ina bayan maigida, Hajiya. Mu da muka yi jami'a a Najeriya mun ga abin da idonmu. Ƙungiyar ɗalibai ta Pyrates ɗin da Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa a Ibadan a 1952 ai ba da adda suka fara ba. Wasu suka ɓalle, wasu suka kwaikwaya, har aka kai ga zubar da jini a makarantu.

Dakta Rabi: Alhaji, Allah ya ba ka haƙuri, ba ɗaya ba ne. Ɗan asiri ɓuya yake wa hukumar makaranta, waɗannan kuwa su ne ke kai kansu ofis. Kafin jami'a ta amince da su sai sun miƙa sunayen membobi da kundin dokokinsu, sun samo ma'aikacin jami'a da zai riƙa sa musu ido, kuma makin kowace ya kai abin da aka gindaya. Alpha Kappa Alpha, wadda 'yan mata baƙar fata suka kafa a Jami'ar Howard a 1908, Kamala Harris 'yar cikinta ce, ba ta taɓa ɓoyewa ba.

Alhaji Sani: To in lafiya lau ne, me ya sa Biden ya sa hannu a dokar yaƙi da gallaza wa sababbin shiga a Disambar 2024?

Dakta Rabi: Saboda ana yi, an ma rasa rayuka, akasari a ƙungiyoyin maza inda giya ta yi yawa. Wannan kam ban musa ba. Amma wadda ke da rajista tana da abin da za a ƙwace mata: ɗakin taro, tallafi, damar kiran kanta da sunan jami'a. Wadda ba ta da rajista fa, me za a dakatar?

Malam Nura: Ni tambayata daban ce. Ga MSA, ƙungiyar ɗalibai Musulmi, a kusan kowace jami'a. Meye na ɗauko sorority, masu suna da haruffan Girkawa irin su Alpha da Kappa?

Hauwa'u: Malam, MSA ta kowa ce, maza da mata, wanda ya ga dama ya zo. Wannan ta mata ce zalla, kuma zumuncin ba ya ƙarewa ranar karɓar digiri, tsofaffin membobi kan nema wa ƙannensu hanyar aiki. Ba kuma kansu farau ba: an kafa Gamma Gamma Chi a 2005, Mu Delta Alpha kuma a 2016 a Jami'ar Texas da ke Dallas, duk na Musulmi ne. Anti, abin da zai ba su wahala ba asiri ba ne, inshora ce. Jami'o'i da yawa ba sa karɓar sorority da ba ta da uwar ƙungiya ta ƙasa, don in wani abu ya faru babu mai ɗaukar nauyi. Gara su nemi buɗe reshen wadda ke akwai, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Su kuma tabbata akwai 'yan aji ɗaya da biyu a cikinsu, in ba haka ba ranar da su Ilham suka gama, ƙungiyar ta mutu.

Alhaji Sani: Bikin rantsar da sababbi fa, 'yata? A fili ake yi?

Hauwa'u: A'a Baba, galibi membobi kaɗai ke shiga.

Alhaji Sani: To kin ji. Ni nan na tsaya. Hajiya, ki ce ta kawo muku abin da za su rantse a kai, a rubuce, ku karanta ke da babanta kafin a biya ko dala ɗaya.

Maman Ilham: Au, har biya ake yi? Hauwa'u, nawa ne a zango?