Don Allah a taimaka, haruffan da nm ke nunawa sun ɗaure mini kai

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana uku ke nan ba na barcin kirki. Abokin aikina da ya rubuta mana wata laburare ya ajiye aiki wata biyu da suka wuce, wayarsa ma ba ta shiga, fayil ɗin .a (laburaren da aka riga aka harhaɗa) da na .h (mai jera sunayen ayyukanta) kawai ya bar mana. Oga yana jiran manhajar ranar Litinin, ni kaɗai na rage a sashen. Da na zo haɗawa sai gcc, manhajar da ke harhaɗa kod, ya ce "undefined reference" a kan karanta_bayanai, wato bai samu wannan aikin na laburaren ba. Na duba da nm, umarnin da ke jera sunayen da ke cikin fayil, sunan yana nan, da ƙaramin t a gabansa. Wasu sunayen T babba ne a gabansu, aikin malloc kuma U. Tunda yana ciki, me ya hana a gan shi?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Matsalar jeri ce, ba wani abu ba. ld, wanda ke haɗa fayilolin su zama manhaja ɗaya, daga hagu zuwa dama yake bin su a layin umarni, ka mayar da laburaren bayan fayilolinka na .o, wato kod ɗinka da aka harhaɗa. Na sha ganin wannan.

Malama: Injiniya, ƙaramin t ya ce fa. T babba na nufin aikin yana sashen .text, inda kod yake, kuma ana iya kiran sa daga waje. Ƙarami na cikin gida ne, galibi static aka sa masa, kalmar da ke hana a kira shi daga wani fayil. U na nufin a wani wuri za a samo shi, malloc daga libc, babbar laburaren C, zai zo, wannan ba laifi. Haka D da d, B da b suke ga bayanai. Ko sau ɗari ya juya jeri, ld ba zai ɗauko t ba.

Wani ɗan uwa: Kai ka ma ga haruffa. Ni wanda na gada strip (goge jerin sunaye) ya yi wa .so ɗinmu, laburaren da ake lodawa lokacin da manhaja ke aiki, nm ya ce "no symbols". Mako guda na yi kafin na gano nm -D, wanda ke nuna sunayen da strip bai goge ba. Har yau abin yana ci mini rai.

Injiniya: Na ce jeri ne. In kuma daga C++ kake kira, sunan zai koma mai farawa da _Z, sai ka sa extern "C" don sunan ya tsaya yadda yake.

Mai tambaya: Ba zan taɓa Makefile ba, fayil ɗin da jerin yake ciki, shekara biyu yana aiki lafiya. Kuma Malama, sunan yana cikin fayil ɗin .h, ta yaya zai zama static?

Malama: Wataƙila .h ɗin da .a ɗin ba na lokaci ɗaya ba ne. Babu tsohon kwafi?

Mai tambaya: Ban ajiye ba, ban ga dalili ba a lokacin.

Injiniya: Turo layin gcc ɗin gaba ɗaya mu gani.

Mai tambaya: Yana kwamfutar ofis, sai gobe in Allah ya kai mu.