Musayar Waƙa: Jami'o'i 64 a Gasar Sili-Ɗaya-Ƙwale, Zai Yiwu?

Mai Jadawali:
Sallama, manyan zaure, yau na zo da tambaya,
Kan ƙwallon jami'o'in Amurka, mai hular kwano da turereniya.
A ƙwallon kwando na Maris jami'o'i ne birjik gaba ɗaya,
Me zai hana mu ɗebi 64, wanda ya faɗi ya koma gida ba jayayya?
Na 1 da na 64, na 2 da na 63, haka har a haɗu a tsakiya,
Wasa 63, zagaye 6, kofi ya tafi hannu ɗaya.
A 2023 Florida State ta ci 13, ba ta faɗi ko sau ɗaya,
Kwamitin gasar kofi ya zaɓi jami'o'i huɗu, ya bar ta tana leƙe daga baya.

Malama Mai Lissafi:
Ƙanena, alƙalaminka ya yarda, jiki ne bai yarda ba.
Ɗan kwando kan buga Alhamis da Asabar, a nan ba zai yiwu ba,
Mako guda ake jira, don karon bai ƙyale gwiwa da kafaɗa ba.
Wasa 12 na kaka, ga na fidda zakaran rukunin jami'o'i da ba ka ƙirga ba,
Ɗora 6, sun zama 19, a kan yaron da bai gama jarrabawa ba.
NFL ma, gasar ƙwararru, 17 take yi kafin zagayen kofi, kuma ba ɗalibai ba ne ba.

Dattijon Gefen Fili:
Malama, Allah ya ƙara basira, bari in ɗora don tunawa.
A kakar 2024 gasar kofi ta tashi daga jami'o'i 4 zuwa 12, ƙofa ta yi buɗewa,
Zagayen farko a filin jami'a, masu masauki huɗu suka yi cinyewa.
Penn State 38, SMU 10, tazarar ba ta ɓoyuwa,
In na 6 ya yi wa na 11 haka, na 64 ina zai samu tsayawa?
Su kuwa huɗun da aka ba hutu, tashin farko suka yi faɗuwa,
Oregon, Georgia, Boise State, Arizona State, ba mai wucewa.
Ohio State ce ta 8, sai da ta buga 16 kofi ya ɗauku, ba wasa ba kuwa,
34 da 23 a kan Notre Dame, a Atlanta aka yi rufewa.

Mai Jadawali:
To Baba, na sauko, 24 fa, irin na FCS, ajin da ke ƙasa da na manya, ya kuka gani?
8 su huta, 16 su kara, wasa 23, zagaye 5 ba ƙari ba ragi.

Malama Mai Lissafi:
Wannan da dama-dama, amma ba zai zo a ɓagas ba.
Soke wasan zakaran rukuni, 12 da 5 ba su wuce 17 ba.
Sai dai kuɗin talabijin ne a ciki, masu shi ba su saki ba,
Manyan rukunai, SEC da Big Ten, za su nemi kujerunsu tun ba a buga ba.