Abin da muka tattauna a Zoo Road kan tallafin masoya

Ranar Asabar bayan la'asar muka zauna a wani situdiyo da ke Zoo Road a Kano, mawaƙa da marubuta da masu barkwanci, ana shan shayi ana neman hanyar da masoya za su riƙa tallafa wa aikinmu.

Patreon, wani shafin intanet na tallafa wa masu fasaha, aka fara ambata. Tun 2013 yake, masoyi na biyan wani abu duk wata, kai kuma ka ba shi abin da sauran jama'a ba su gani ba. Sai dai wata marubuciya ta ce wannan ba zai yi mata ba, domin masu karatunta matan aure ne a Kurna da Ɗorayi, naira ce a hannunsu, kuma tura kuɗi ta waya suka sani. Shawararta ta fi kwanta mini a rai: a sa littafi a Selar, shafin sayar da kaya a intanet wanda ke karɓar naira, ko a buɗe rukunin WhatsApp na masu biya, a faɗi ranar da kowane babi zai fito, a kuma cika alkawari. Mutum ya cire ɗari biyar daga kuɗin cefane ya ba ka, wallahi amana ce.

Kan YouTube an ce a yi haƙuri: rabon kuɗin talla sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara. Kyaututtukan da masu kallo ke turowa a TikTok kuwa, kamfanin na yankar kaso mai tsoka, ga zubar da mutunci wajen roƙo.

Wani dattijo ya ƙara da cewa a ware asusun banki daban, kada kuɗin masoya ya cakuɗe da na gida.