Na dawo JavaScript daga C#, in saka laburaren taimako ko in riƙa rubuta komai da hannu?

Sabon_shiga:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Aiki ya dawo da ni JavaScript bayan na daɗe ina C#, kuma wallahi abin da ya fi damuna rashin LINQ ne, wato kayan tace bayanai da jera su na C#, can in ina so in kasa jeri kashi-kashi GroupBy kawai zan kira shikenan, nan kuwa sai na zauna ina ta rubutu. Wani ya ce in saka laburaren Lodash, wani ya ce kar in soma wai zai hana ni koyon yaren. Wanne zan ɗauka don Allah?

Mai_sabar:
Wa alaikumus salam. Malam saka abinka. Lodash tun 2012 yake, daga laburaren Underscore aka samo shi, duk su groupBy, uniqBy, debounce, cloneDeep suna ciki kuma dubban mutane sun gwada su sun toshe ramukan da kai ba ka ma san da su ba tukuna, musamman rikicin null da undefined. Wanda ya sauya dandali hankalinsa a rabe yake, ga sabon yare ga aiki na jira, laburare na rage maka ɗaya. In ka taɓa Rx.NET ma leƙa RxJS, takwaransa na JavaScript, tunanin ɗaya ne.

Tsohon_hannu:
Ban ƙi ba amma ƙanena ka fara duba abin da yaren ya zo da shi. map, filter, reduce duk suna nan, Object.groupBy ma ya shigo a ES2024, wato bugun JavaScript na 2024. Ka tuna ɗan laburaren left-pad a Maris 2016, layi 11 kacal, mai shi ya cire shi daga npm, ma'ajiyar da ake sauke laburaren JavaScript, sai ga manyan ayyuka irin su Babel sun ƙi girkuwa. Sannan abin da nake ji maka tsoro, laburare zai ɓoye maka inda yarukan suka saɓa. Where na LINQ ba ya aiki sai ka zo karanta sakamakon, filter na JavaScript kuwa nan take yake haɗa sabon jeri. Gwada [10, 9, 1].sort() ka gani, 1, 10, 9 zai ba ka don a matsayin rubutu yake jera su, kuma asalin jerin yake taɓawa. In ba ka san wannan ba ranar da ka buɗe kod ɗin wani za ka sha wuya.

Hajiyar_kod:
Ni inda ba na wasa shi ne kwanan wata. Date na JavaScript Janairu 0 ne, Disamba 11, ga ciwon kan bambancin lokaci tsakanin ƙasashe. Nan kam ɗauki date-fns ko Luxon, kar ka fara sabon aiki da Moment, masu shi da kansu sun ce tun 2020 gyara kawai suke yi. Kuma don Allah ka guji laburaren da ke kwaikwayon LINQ sak, kai za ka ji daɗi amma abokan aikinka ne za su kasa karantawa.

Sabon_shiga:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na gwada sort ɗin yanzu, haka ne kuwa. Zan fara da date-fns, Lodash kuma debounce kaɗai nake buƙata a yanzu, akwai yadda zan jawo shi shi kaɗai ba sai duka ba?