Yaya zan sa halittun labarina su farga da kansu?

Ummin_Rubutu:
Assalamu alaikum. Ina rubuta labarin wata duniyar tsafi, na maƙale a babi na 9. A ƙasar da na ƙirƙira, matsafa kan ɗebo ƙasar suri su kwaɓa da toka, su gina wasu halittu da ake kira 'Yan Suri. Aikinsu jan ruwa a rijiya mai gaba sittin, dare da rana, ba ci ba magana. Ina so ɗaya a cikinsu ta gane cewa ita ma wata aba ce, har ta fara tambayar wa ya yi wanda ya gina ta. Amma ba na so a ce laya aka rataya mata kawai ta farka. Ku ba ni shawara.

Abban_Sadik:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ai madubi na hannunki, rijiyar nan. A 1970 wani masani a Amurka, Gordon Gallup, ya sa wa manyan birai jan tabo a saman gira suna cikin maganin barci. Da suka farka suka dubi madubi, sai suka kai hannu kan fuskarsu, ba kan madubin ba. Ki sa ta leƙa ruwa ta ga tsaga a goshi, ta shafa nata goshin.

Almajirin_Zaure:
Gane fuskarka daban, neman Mahaliccinka daban. Biri ya tsaya a na farko. Ibn Tufail, wani masani na Andalus (cikin Sifen ta yau), a ƙarni na 12, ya kawo labarin yaron da barewa ta shayar a tsibiri. Ranar da ta mutu ya buɗe ƙirjinta yana neman abin da ya hana ta motsi, ya tarar jiki na nan, mai jikin ya tafi. Daga nan tambaya ta kama shi. Sai dai Malama, ki kiyaye: kada alƙalaminki ya nuna matsafi ne ke ba da rai. Shi laka kawai ya kwaɓa.

Hajjo_Damagaram:
Gaskiyar Malam ce, mutuwa ce ke tada mai barci. Ƙanwata, kin manta da damina? Abin laka ne fa. Ruwan farko ya narkar da abokiyar jan igiyarta a gabanta, matsafa su kwashe taɓon su sake gina wata. Sabuwar ta zo ta kama igiya, amma ba ta yin ɗan jinkirin nan da waccan ke yi kafin ta juye guga. Halittar taki kaɗai ta lura. Kada ma ki ba ta baki tukuna, ni na gaji da halittun da ke farkawa su hau wa'azi. Ta saki igiya kawai, guga ya faɗa rijiya.

Ummin_Rubutu:
Yaya Hajjo, kin gama min babin, Allah ya saka. To matsafan fa, farfasa ta za su yi nan take, ko tsoronta za su ji?

Hajjo_Damagaram:
Farfasa ta za su yi. Amma da taɓonta za su gina guda uku.