Neman kalma: fitowar da aka ɗauka amma ba ta shiga fim ba

Mai shirin rediyo: Assalamu alaikum malamaina. Ina haɗa shiri kan fina-finai, na maƙale wuri guda. Akwai fitowar da 'yan wasa suka yi, kyamara ta ɗauka, amma da fim ya shigo kasuwa babu ita. Tun zuwan faifan DVD kamfanoni kan zuba irinta a gefe kamar gyara, wata kuwa ko a faifan ba a samunta. Mi za mu ce mata da Hausa? Na ji samari na faɗin "gogaggen sin".

Malamin Hausa, Mabera: Wa alaikumus salam ɗiyata. "Sin" dai a aje shi, tun a wasan kwaikwayon makaranta muna da kashi da fitowa. Gogagge kuma shina da wata ma'ana: in kin ce gogaggen ɗan wasa, ƙwararre mutane za su ji.

Edita, Gawon Nama: Malam, a gafarce ni, ai ba gogewa ake yi ba ma. Ni in na cire wuri daga fim, yana nan cikin kwamfuta. Ko fim ya yi tsawo, ko sauti ya lalace da ƙarar janareto, ko darakta ya ga wurin na jan labari baya. Mu wurin aiki "tace" muke cewa. Me zai hana tatacciyar fitowa?

Malamin Hausa: A'a yaro. In ana tatar koko, tatacce shi ne wanda ya wuce ƙasa, wanda ya tsaya a matata dusa ce. Ka juya zancen ke nan. Kuma tun da aka kafa Hukumar Tace Fina-finai a Kano a 2001, duk wanda ya ji "tace" hukuma zai tuna.

Baban Yara, Runjin Sambo: Wani lokaci ma hukumar ce, Malam. Ku tuna Sholay, fim ɗin Indiya na 1975. Darakta Ramesh Sippy ya ɗauki ƙarshe inda Thakur ke kashe Gabbar, mugun fim ɗin, da takalminsa mai ƙusoshi, hukumar tace fim ta Indiya ta ƙi, aka sake ɗauka 'yan sanda na zuwa su kama shi. Wanga na biyun muka kalla a silima muna ta tafi, ba mu san an yi muna musanya ba. Ni yankakkiya zan ce.

Mai shirin rediyo: Baba, yankakkiya sai in ji kamar ana tsakar fitowa aka katse ta. Cirarriya fa?

Malamin Hausa: Ta yi. Cire bai ce wa ya cire ba, bai kuma ce an zubar ba. Sai dai abin iri biyu ne. Metropolis na Jamus ya fito a 1927, aka rage shi, sai a 2008 aka tsinci kusan minti 25 nasa a wani gidan adana fina-finai na Buenos Aires a Ajantina, aka maida. Wannan cirarriya ce. Amma The Magnificent Ambersons na Orson Welles, 1942, kamfanin RKO ya zabge fiye da minti 40, daga baya aka lalata abin da aka ciren. Wannan ba faifan da zai kawo ta.

Edita: Ɓatacciya ke nan.

Malamin Hausa: A rubuce ba a bambanta ta da wadda ta ɓaci. Ku ce salwantacciya.

Mai shirin rediyo: Na gode Malam, Allah shi ƙara sani. Cirarriyar fitowa, salwantacciyar fitowa. Jam'i fa?

Malamin Hausa: Cirarrun fitowa. Kar ki soma "fitowowi" a iska, masu saurare za su cika maki waya.